Malamin Karasuwa a Ajinmu

Muna cikin ɗaliban farko da jami'a ta ɗauka a Gashua. A lokacin ba ta da abin nuna wa baƙo. Azuzuwa na aro ne, ɗakin karatu kantocinsa sun fi littattafansa yawa, filin da aka ce za a yi manyan gine-gine kuwa awaki ne ke kiwo a ciki. Ɗakunan kwana ba su isa ba, sai na kama haya a cikin gari tare da wani magidanci daga Jajimaji, a yankin Karasuwa.

Malamin firamare ne. Ya daɗe yana koyarwa, yana son ƙaro ilmi, amma iyali suka hana shi yin nisa, sai ga jami'a ta zo kusa da gida. Ya girmi wasu malamanmu, har su ma Malam suke ce masa. Shi ke dafa mana shinkafa da busasshen kifi, shi ke raba mu idan gardamar ƙwallo ta yi zafi a aji.

A shekararmu ta uku na lura ya daina sa takalminsa sau-ciki, ya koma silifa. Ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ma haka idan ya tashi da safe.

Na ce, "Malam, ka je asibiti mana."

Ya ce, "Ƙanena, na san ko mene ne. Shi ya ɗauki yayana."

Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san ciwon ƙoda. Da wuya ka sami unguwar da bai shiga ba. Wasu su ce ruwa ne, wasu su ce maganin feshin gona ne, ba wanda ya tabbatar mana.

Da aka fara yi masa wankin ƙoda a asibitin Nguru, gidanmu da ke garin ya zama masaukinsa. Mahaifiyata ta share masa ɗakin zaure, tana dama masa kunu, tana yi masa miya ba gishiri. Idan ya ɗan ji ƙarfi sai mu hau mota mu koma Gashua, ya zauna a layin gaba kusa da taga, yana rubutu a hankali, wani lokaci barci ya kwashe shi. Ba malamin da ya taɓa tashinsa.

Saura zango ɗaya mu gama aka shiga yajin aiki. Aka rufe makaranta, kowa ya watse. Damina ta zo ta wuce. Duk sa'ad da na kira shi, kafin mu gama gaisawa zai ce, "An ce yaushe za a koma?" A ƙarshe ma ɗansa ke ɗaukar wayar.

Ya rasu ana girbin gero. Labari bai iso mini ba sai bayan an kai shi makwancinsa.

Bayan an koma karatu, matarsa ta fita takaba, ta zo ɗaukar kayansa. Ba su da yawa: katifa, risho, buhun littattafai. Da muka gama ɗaurewa sai ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ɗan'uwa, jami'ar da nisa?"

Na ce, "Babu nisa, Yaya."

"Ka kai ni in ga inda yake zama."

Muka hau keke-napep. Lokacin an fara ɗora rufin sababbin gine-gine, ga sababbin ɗalibai ko'ina, wasu ma ba sa jin Hausa. Ajin namu ana darasi a ciki. Na ce bari in nemi izini mu shiga, ta ce a'a. Ta leƙa ta taga, na nuna mata bencin. Wata yarinya ce zaune a wurin tana rubutu.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta gyara mayafinta.

Ta ce, "To, na gani. Mu je, kada motar Jajimaji ta cika."