Garwashi da Tukwanen Tashar Lantarki

Haihuwarsa da asalinsa

Mutum na farko da ya cinna wuta a tashar lantarki ta garinmu shi ne wanda aka fi sani da Mai Shebur, a shekarar 1946, lokacin da aka kammala ginin tashar, jirgin ƙasa kuma ya sauke kwal na farko a harabarta. A shekarar 1948 aka haifa masa ɗa namiji a gidajen ma'aikata da ke bayan tashar, a ɗakin ƙarshe na layin da ke fuskantar bututun hayaƙi. Mahaifiyar yaron tela ce, kuma ita ce ke facin rigunan ma'aikata idan tartsatsi ya huda su. Wannan yaro shi ne jama'a suka riƙa kira Garwashi, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kuma tarihinsa ne aka tattara a nan domin amfanin na baya.

Karatunsa

An saka shi makarantar firamare a 1955, daga nan ya wuce makarantar koyon sana'a, inda ya karanci aikin ƙarfe da sarrafa tururi. Malamansa sun shaide shi da ƙoƙari a lissafi da kuma taurin kai a muhawara. An ce ko a ajin farko ba ya amincewa da sabuwar doka sai an faɗa masa wanda ya fara yin ta da dalilin da ya sa. Wannan ɗabi'a ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma ita ce ta ɗaukaka shi, ita ce kuma ta jawo masa babbar nadamarsa.

Aikinsa a tasha

Ya kama aiki a 1967 a ƙarƙashin mahaifinsa. Tashar tana da manyan tukwane biyu na ƙarfe, kowacce ta fi gida tsawo, ana ƙona kwal a ƙarƙashinsu, ruwa ya zama tururi, tururi ya juya injin da ke ba gari haske. Tun zamanin Mai Shebur ma'aikata suka kafa wata al'ada, cewa ba a kashe wutar tukunya ɗaya domin gyara sai an ɗebi wuta daga cikinta an kunna ɗayar. Saboda haka ba a taɓa wayar gari tashar tana sanyi ba. Ɗaukar wannan wuta daga tukunya zuwa tukunya aikin sabon shiga ne, kuma da yake ya yi shi ba tare da ya zubar da ko ƙwaya ɗaya ba, sai manya suka laƙaba masa Garwashi.

A nan ne ya koyi abin da ma'aikatan ke kira kwantar da tukunya. Ba a janye mata wuta lokaci guda. Ana rage kwal sannu a hankali, a bar ƙofofinta a rufe kada iska mai sanyi ta bugi ƙarfe mai zafi, a jira kwanaki har ta huce da kanta, sannan a zubar da ruwanta tun da sauran ɗumi domin cikinta ya bushe. Tukunyar da aka yi wa haka tana iya shekaru a ajiye, a dawo a kunna ta lafiya. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a hannun mutum yake wucewa zuwa hannun mutum. Mahaifinsa ya rasu a 1979, shi kuma aka naɗa shi shugaban ma'aikatan tukwane a 1988, ya zama na huɗu da ya riƙe muƙamin.

Aurensa da zuri'arsa

Ya yi aure a 1972 da 'yar wani direban jirgin ƙasa, mace mai haƙuri da barkwanci, wadda dukan layin ke kira Goggo. Ita ce ta ce tun da ta auri Malam ba ta ƙara sayen maganin sauro ba, domin ƙaurin rigarsa kaɗai ya isa ya kori na maƙwabta ma. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar, ɗaya ya rasu yana ƙarami. Ƙanensa, wanda ke gyaran famfunan ruwa a tashar, gidansa na jikin nasu, kuma shi kaɗai ne ke iya ja da shi a magana ba tare da an ɓata ba.

Sukarsa ga manufofin shugaban ƙasa

A shekarar 2006 aka zaɓi sabon shugaban ƙasa, wanda ya zo da alkawarin sauya komai cikin wa'adi ɗaya. Garwashi, wanda bai taɓa shiga jam'iyya ba, shi ne mutum na farko a garinmu da ya miƙe a zauren ƙungiyar ma'aikata ya soki manufofinsa a bainar jama'a, kuma ya yi haka ne a kan al'amura uku.

Game da tattalin arziki, ya yi nuni da cewa gwamnati tana cin bashi domin ta yi rabon da za a yaba mata, tana kuma ɗora haraji a kan masu walda da masu niƙa da teloli, alhali farashin masarufi na tashi kowane wata. Ya tunatar da cewa a zamanin da aka gina tashar ba a aza tubali ba sai da aka san inda kuɗinsa zai fito. Game da shigowar baƙi, ya ce bai ƙi baƙo ba, domin rabin waɗanda suka koya wa mahaifinsa aiki baƙi ne, amma su an san sunansu da inda suke kwana, kuma albashinsu ɗaya da na ɗan gari. Yanzu kuwa an buɗe iyaka ba rajista, 'yan kwangila na sallamar magidanta suna ɗaukar sababbin zuwa a rabin lada, ba asibiti ba fansho, wanda hakan zalunci ne ga ɓangarorin biyu. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne dokar da ta umarci a rufe tashoshin kwal kafin a kammala na hasken rana da na iska da aka ce za su maye gurbinsu. A kan wannan ya faɗi maganar da aka daɗe ana maimaitawa: "Mu a nan ba ma kashe tukunya sai mun kunna 'yar'uwarta. Shi kuwa zai kashe ƙasa guda yana nuna mana zane a takarda."

Duk wanda ya rayu a shekarun da suka biyo baya ya san cewa hujjojin nan uku ba su faɗi ƙasa ba.

Rufe tasha

Umarnin rufewa ya iso a farkon 2009. Hukumar lantarki ta nemi ma'aikatan tukwane su kwantar da su biyun da hannunsu, kasancewar su ne suka san aikin. Garwashi ya tara mutanensa ya shaida musu cewa a tarihin tashar ba a taɓa kashe tukwane biyu tare ba, kuma ba ɗan Mai Shebur ne zai fara ba. Ya yi imani cewa idan suka janye hannunsu, hukuma ba za ta sami mai yi ba, dole ta ɗage umarnin. Ma'aikata suka amince baki ɗaya, in ban da ƙanensa, wanda ya ce masa gwamnati tana zuwa tana wucewa, amma ƙarfe idan ya tsage ya tsage, don haka gara su kwantar da su da kyau su jira zamani ya juya. Garwashi ya amsa masa da cewa mai gyaran famfo ya tsaya ga famfo.

Hukuma ba ta ɗage komai ba. Ta ba wani ɗan kwangila aikin, shi kuma ya kawo ayarin baƙin leburori waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban tukunya ba. Shugabansu, wani dogon mutum mai kunya da ake kira Dogo, ya fahimci nauyin abin da aka ɗora musu, sai ya nemi gidan Garwashi da rana tsaka, ya tuɓe takalmansa a ƙofa ya durƙusa.

"Baba, ni ban zo karɓar aikinka ba," in ji shi. "An ce mu kashe wutar tashar gobe. Ka faɗa mini yadda ake yi kada mu ɓata muku abu."

Garwashi ya sa aka kawo masa ruwa da abinci, ya tambayi iyalinsa da ƙasarsa, ya kuma raka shi har bakin layi, amma bai faɗa masa ko kalma ɗaya game da tukunya ba. Ya ce ya je ya tambayi wanda ya sa hannu a dokar. Da ya dawo ciki Goggo ta ce masa: "Malam, shugaban ƙasa bai san da tukunyarka ba. Kai ne ka santa."

Washegari leburorin suka yi abin da hankali zai ba duk wanda bai sani ba. Suka janye wutar gaba ɗaya, suka buɗe ƙofofi, suka tura ruwan sanyi domin ƙarfen ya huce da wuri, sannan suka kulle suka tafi da ruwan a ciki. Mazauna layin sun ce sun yini suna jin ƙara daga tashar kamar ana fasa duwatsu. Garwashi yana zaune a ƙofar gidansa, ya san ma'anar kowace ƙara, kuma bai tashi ba.

Shekarunsa na ƙarshe

An yi wa Garwashi ritaya a wannan shekara ta 2009. Sababbin tashoshin ba su kammalu a kan lokaci ba, wuta ta zama ta rabo, masu walda da masu ƙanƙara suka rufe shaguna, samari da yawa suka bar gari. Ya ci gaba da jagorantar ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, yana zuwa majalisa da kotu a kan haƙƙinsu, kuma babu wanda ya kai shi naci.

A 2013, bayan an canza gwamnati, aka yanke shawarar sake kunna tsofaffin tashoshi har zuwa lokacin da sababbin za su tsaya da ƙafarsu, wato daidai abin da ya nema tun farko. Aka aiko injiniyoyi, aka kuma gayyace shi ya shiga tare da su. Suka tarar da bututan ciki sun tsattsage, tubalin murhu ya zube, tsatsa kuma ta cinye abin da ya rage. A wani gari da ke da irin tashar, inda ma'aikata suka kwantar da tukwanensu da hannunsu suna kuka, an kunna wuta cikin 'yan watanni, mutane suka koma aiki. Tamu kuwa aka sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe.

Tun daga nan bai ƙara hawa mumbarin zauren ƙungiya ba. Bai janye ko ɗaya daga sukar da ya yi wa tsohon shugaban ba, kuma babu dalilin da zai sa ya janye. Amma idan aka zagi leburorin a gabansa yakan hana. Ƙanensa ya ruwaito cewa sau ɗaya tak ya taɓo maganar, suna zaune suna kallon ana yanka bututun hayaƙi, inda ya ce: "Shugaban ne ya ce a rufe tashar. Amma fasa ta, wannan da saninmu aka yi, kuma kai ka faɗa mini." Ƙanen ya ce masa, Yaya, ya wuce. Ya ce bai wuce ba, ga shi nan ana lodawa a mota.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2016 bayan jinyar ciwon ƙirji, yana da shekara sittin da takwas. An yi masa sallah a filin da tashar take a da, aka binne shi kusa da mahaifinsa, kuma tsofaffin ma'aikata daga garuruwa da dama sun halarta. Ya bar matarsa Goggo da 'ya'ya huɗu: babban, wanda ke tuƙin motar kaya, da malamar makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da auta mai sanya faifan hasken rana a rufin gidaje, tare da jikoki goma sha ɗaya.

Abin da gwagwarmayarsa ta samar a bayyane yake. An biya tsofaffin ma'aikata fanshonsu bayan an so a hana su. An bar musu gidajen layin, suka zama mallakarsu da ta 'ya'yansu. An tilasta wa 'yan kwangila rajistar duk wanda suka ɗauka da biyan baƙo daidai da ɗan gari. Zauren ƙungiya yana nan, ana ɗaurin aure a cikinsa. Waɗannan huɗu aka samu, kuma su aka riƙe har yau. Tashar da aka yi dukan wannan dominta ba ta cikin lissafin. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa.