Bula a Bokitin Goggo

Launin ne ya fara ɗaukar idona. Na zagaya yin shanya bayan ɗakunan haya na gidanmu da ke Samaru, sai na ga wani ruwa shuɗi yana ɗiga daga gindin wani duro na roba, yana taruwa a jarka. A littattafan soyayya da nake karɓowa haya daga kasuwar Sabon Gari, irin wannan launi sai a idon zoben da saurayi ke kawo wa budurwa daga ƙasar waje. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu har ya jiƙa mini ƙafa.

Duron na wani ɗalibi ne ɗan kudancin Kaduna da ke haya a gidan, yana shekararsa ta ƙarshe a karatun ma'adinai. Dogo ne, ba ya yawan magana, kuma tun ranar da ya tare na riga na ba shi matsayi a cikin labarin da nake saƙawa a raina. Shi kuwa ƙanwarsa ya ɗauke ni.

"Ƙanwata, kar ki taɓa," ya ce daga bayana. "Zai ci miki hannu."

Ya buɗe duron ya nuna mini. Tsakuwa ce manya-manya, da ɗigon kore a jikinsu. Ya ce akwai jan ƙarfe a ciki, amma kaɗan ne, bai kai a sha wahalar niƙa dutsen a narka shi ba.

"Kin san yadda ake ruwan toka? A zuba ruwa ta sama, ya bi ta cikin toka, ya fito ta ƙasa da ƙarfinta. To haka ne, sai dai nawa ruwan da ɗan asid a ciki, dangin na batir. Yana bin tsagar dutse a hankali, yana lallashin ƙarfen ya biyo shi."

Kalmar lallashi ta zauna mini. Ashe har dutse ana iya shawo kansa ba tare da an fasa shi ba! Kullum da safe sai na leƙa. Tsakuwar tana nan yadda take, ba ta ragu ba, amma shuɗin jarkar sai ƙara duhu yake. Ya gaya mini cewa digirinsa na cikin jarkar nan: idan bai kai ta makaranta an auna ƙarfen da ya fito ba, sai ya maimaita shekara, kuma babu sauran dutsen da zai sake farawa da shi.

Ana cikin haka Goggo, yayar Baba, ta zo mana kwana biyu daga Jushi. Ba wanda ya tuna ya yi mata bayani. Ranar ni na tafi Sabon Gari canjin littafi, shi yana makaranta. Goggo ta wanke fararen kayan Baba, ta nemi bula ba ta samu ba, ta zagaya baya, ta ga jarka cike da abin da take nema. Ta juye shi kaf a bokitin ƙarfe, ta ce bari ta yi azahar kafin ta tsoma kayan.

Tare muka shigo gida ni da shi. Ya ga jarkarsa a kife a tsakar gida, ya tsaya cak, littattafansa suka zube.

"Mama, ina ruwan da ke ciki?"

"Bular? Ɗan nan, kai da ba ka da farar riga ko ɗaya, me za ka yi da bula har jarka guda? Ai ma ba ta da kyau. Je ka gani, tun ban sa kaya ba ta koɗe."

Ya nufi bakin rijiya kamar wanda za a nuna wa gawa. Na bi shi. Ruwan bokitin yana ɗan tsuwa, ƙananan kumfa na tasowa, shuɗin ya dusashe. Amma cikin bokitin, daga gindi har inda ruwan ya tsaya, ya koma ja, ja irin na garwashin da ya fara lafawa. Ya sa tsinke ya kankaro, wani jan gari mai laushi ya biyo.

Sai ya zauna a ƙasa ya kama dariya har da hawaye.

"Innalillahi, na zautar da ɗan mutane," in ji Goggo.

"Mama, kin yi mini aikin gobe! Da ƙusoshi zan yi shi a makaranta. Ruwan nan in ya samu wani ƙarfe, sai ya ci shi, ya sauke jan ƙarfen da ya ɗauko. Ga shi nan duka, bai je ko'ina ba."

Abin da ya kwana cikin dutse tun kafin a haifi kakanninmu, ya zama ruwa, ga shi kuma ya dawo ƙarfe a bokitin wanki, a gaban idona, kaji na kiwo a gefe. Duk karance-karancena ban taɓa cin karo da abin da ya sa tsigar jikina tashi haka ba.

Goggo ta ce ita dai a biya ta bokitinta da aka ɓata. Ya ɗaure bakin bokitin da leda, ya rungume shi a kan acaɓa har makaranta, ruwa da komai. Malaminsa ya karɓa, aka kankare, aka auna, ya ci jarrabawa. Da zai bar gidan ya durƙusa ya gaida Goggo, ni kuma ya ce, "Ƙanwata, a dage da karatu." Na shiga ɗaki na yi kukana.

Bayan shekaru na haɗu da ƙanwarsa ta gaskiya a Palladan, tana koyarwa a wata firamare. Ta ce yana can wata ƙasa a kudancin Afirka, yana aiki a mahaƙa. Ta nuna mini hotonsa a waya: ya yi ƙiba, sanƙo ya cinye masa kai, yana riƙe da hannun 'yan mata biyu masu kama da shi a ƙofar coci.