Mai Ɗaukar Hoton Rauni

Rejoice, nas a ɗakin 'yan haɗari, tana kallon wani baƙo ta wutsiyar ido. Farin kaftaninsa ya sha guga, turarensa ya danne warin aidin, kyamara na lilo a ƙirjinsa. Wai bincike ya kawo shi Jalingo, don Turawa su aiko da tallafi. Daga ganinsa, bai san wani jini ba sai na ragon Layya.

Yana tsaye a kan wani manomi ɗan unguwar Sintali da gatari ya sare wa ƙafa. Ko sannu babu.

"Sista, kwance bandejin nan. Hoton ya fi taɓa zuciya in da jini."

"Yallaɓai, shi ne na ƙarshe a asibitin nan."

Ya washe baki yana gyara kyamara. "Yawwa! Ai abin da nake so Turawa su gani ke nan."