Yadda Umaru Monita Ya Zama Sai-na-gaba

Wata Laraba ce cikin bazarar shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki, lokacin da ake bin layi da bulala. Ina aji ɗaya na sakandare a Sakkwato. Rana ta take, ƙasa kamar an zuba garwashi, ni kuwa ina tsallen kwaɗo a filin makaranta, hannuwana riƙe da kunnuwana. Umaru monita na biye da ni da tsumagiyar dogon yaro yana kwaikwayon kofur, 'yan aji suna dariya. Laifina kawai shi ne Malam Yohanna, malamin lissafinmu mutumin Filato, ya zaɓe ni in nuna aikin kwamfuta ranar da wani babban soja zai ziyarce mu.

Kwamfutar tun zamanin kuɗin mai aka sayo ta, aka lulluɓe da zane a ɗakin ajiya, sai da Malam ya zo ya tashe ta. Ya rubuta mata umarni: ta tambayi tsawon ɗalibi, a buga, ta ce da Turanci “sai na gaba”, haka za ta yi ta zagayawa har a buga sifiri, sannan ta fitar da matsakaicin tsawon aji. Kullum aka tashi nakan tsaya in koya, in ruga gida Runjin Sambo in tarar da awaki suna kukan harawa, randunan Inna babu ruwa, abokaina sun yi nisa da langa a ƙofar gida.

Ran Larabar nan da rarrafe na shiga zaure. Inna ta gasa mini cinyoyi da ruwan zafi tana cewa, “Bar shi, ɗana, Allah na nan.” Amma zuciyata ba ta bari ba. Washegari Umaru ya je wurin shugaban makaranta ya ce shi ne babba, shi ya kamata baƙo ya gani. Aka ba shi, aka kuma umarce ni in koya masa. Na koya masa kunnawa da buga lamba. Zancen sifiri kuwa bai tambaya ba, ni ma na haɗiye abina.

Ranar ziyara muka yi layi, sojan na tsaye da sanda a hammata. Umaru, cikin farar riga mai sitaci, yana buga tsawon kowa yana ɗaga kai. Ɗalibai suka ƙare, na'ura ta ce sai na gaba. Ya danna babu komai, ta maimaita. Ya rubuta mata ta tsaya, ta ƙi. Ya sake buga tsawon kansa, ta karɓa ta nemi wani. Gumi ya jiƙa sitacin nan sharkaf. Sojan ya dubi agogo ya ce, “Wanga yaro ya san abin da shika yi kuwa?” Malam Yohanna ya juyo ya harare ni, ya gane sarai, ya ce in zo. Na taka a hankali, da ɗingishina, don kowa ya gani. Na sa aka sake daga farko, na buga sifiri, amsa ta fito. Ban taɓa shan ruwan randa da ya sanyaya mini rai kamar lokacin nan ba. Kafin a tashi, sunan Umaru ya koma Sai-na-gaba, kuma har muka gama makaranta bai sake ɗaga mini tsumagiya ba.

Yau ni ke koyar da ƙididdiga, ɗalibaina suna rubuta irin wannan zagayen a wayoyinsu suna hamma. Makarantarmu ta zama shaguna, Malam ya koma garinsu tun tuni, Umaru kuwa bara aka gaya mini ya rasu, na yi masa addu'a. Ashe har abokin gābar ƙuruciya mutum yakan yi kewarsa.