Hajiya Zuwairatu Zakka, Wadda Ta Hana A Zubar Da Dakashi

Haihuwa da Asali

An haifi Hajiya Zuwairatu Daudu a shekarar 1951 a garin Zakka da ke ƙasar Safana. Mahaifinta, Malam Daudu, manomin gero da gyaɗa ne mai ɗan kiwon awaki, mahaifiyarta kuwa, Inna Mairo, ita ce ungozomar da Zakka da ƙauyukan kewayenta suka dogara da ita, ta yadda da wuya a sami gidan da ba ta yanke wa wani cibiya ba. Zuwairatu ita ce ta huɗu a ɗakinsu, kuma ita ce ta fi kowa maƙale wa uwar, har ta riƙa bin ta gidajen haihuwa tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau.

A wancan zamani al'adar ƙasar ita ce ba a ba jariri nonon farko, wato dakashi, saboda ana ganin kaurinsa da launinsa na rawaya alamar ƙazanta ne. Sai a tatse shi a zubar, a riƙe jaririn da ruwa da nonon akuya har kwana uku. Tun ranar haihuwa kuma sai ungozoma ta gwada nonon: ta tatsa a ɗan ƙoƙo, ta jefa tururuwa a ciki. Idan tururuwar ta fita, nono ya yi kyau; idan ta maƙale ta mutu, to mai jego tana da mugun nono, sai a shiga ba ta jiƙe-jiƙe, jariri kuma ya ci gaba da shan na akuya. Inna Mairo tana da ƙoƙonta na wannan aiki, wanda ta gada a wurin tata uwar, kuma Zuwairatu ce ke riƙe mata shi.

Karatu da Aure

Ta fara karatun allo a zauren gidansu, sannan a shekarar 1959 aka ɗauke ta makarantar firamare ta Safana, inda ta zauna a gidan ƙanwar mahaifinta har ta kammala. A shekarar 1967 aka ɗaura mata aure da Malam Armaya'u, malamin makaranta da En'e, wato hukumar gargajiya, ta tura Batsari, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa jin muryarsa ta wuce katangar gidansa ba.

A shekarar 1968 ta je gida Zakka ta haifi ɗa namiji. Inna Mairo ta gwada nonon 'yarta kamar yadda take gwada na kowa, tururuwa ta maƙale. Aka riƙe yaron da nonon akuya, gudawa ta kama shi, ya koma kafin a yi arba'in. A shekarar 1970 ta haifi mace, aka sake gwaji, aka sake samun abin da aka samu, ita ma ta koma. Daga nan sunan mai wabi ya bi ta, wato matar da 'ya'yanta ba sa tsayawa, kuma mata suka riƙa janye jariransu daga cinyarta a gidajen suna cikin dabara, suna cewa yaron ya yi fitsari.

Horon Aikin Jinya

Malam Armaya'u, da ya ga zaman gida yana neman cinye ta, ya nema mata gurbi a kwas ɗin mataimakan ungozoma a Katsina a shekarar 1971. A can ne wata malama ta sa su leƙa madubin likita, wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. An ɗiga masu nonon akuya da ya wuni a ƙwarya, kuma Zuwairatu ta ga ƙananan halittu suna ta motsi a cikinsa ba iyaka. Malamar ta bayyana masu cewa wasu daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi su ne ke kawo gudawa, cikin jariri sabon haihuwa kuwa ba shi da abin kare kansa daga gare su, sai abin da Allah Ya zuba masa a cikin dakashin uwarsa. Ta ƙara da cewa kaurin dakashi shi ke riƙe ƙafar tururuwa, kamar yadda zuma ma za ta riƙe ta.

Abokan karatunta sun ba da labarin cewa ranar Zuwairatu ba ta ci abinci ba. Ta kammala a shekarar 1973, aka tura ta ɗakin shan magani na Batsari.

Shekarar Fari

Shekarar 1974 ta zo wa mutanen yammacin Katsina da ƙunci mai tsanani sakamakon farin da ya gabata. Rumbuna suka ƙare, rijiyoyi suka koma laka, dabbobi suka riƙa faɗuwa a bakin hanya. A cikin wannan hali ne Zuwairatu ta sami ciki na uku, kuma bisa nacin mahaifanta ta sake komawa Zakka haihuwa. Malam Daudu ya hana kansa da iyalinsa abubuwa da dama domin ya raya akuya guda mai nono, saboda jikan da ake jira.

Ta sauka da hantsi, ɗa namiji. Inna Mairo ta yanke cibiya, ta ɗauko ƙoƙonta, ta tatsa, ta jefa tururuwa a gaban matan gida, tururuwa ta maƙale kamar yadda ta saba. Tsohuwar ta juya ta ce a tatso akuya. Waɗanda suka halarta sun tabbatar da cewa Zuwairatu, wadda ba ta taɓa mayar wa mahaifiyarta magana ba, ta miƙa hannu ta ɗauki yaron daga kan tsumma ta ce, "Inna, biyu na ba ki, kin ba akuya. Wannan ki bar mani shi." Ta sa shi a mama.

Inna Mairo ta ce, "Ashe boko har kisa yake koyarwa? Ni na yanke maki cibiya, yau ke za ki koya mani nono?" Da ta ga Zuwairatu ba ta da niyyar cire shi, sai ta kife ƙoƙon ta fita, ta ce ita ba za ta tsaya ta ga ana shayar da jikanta dafi ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwarta, domin ba yaron kaɗai take tsoron rasawa ba: da ya mutu, da duk Zakka ta shaida cewa da hannunta ta kashe shi, kuma ita kanta ba ta da wata hujja sai abin da ta gani a madubi da maganar malama guda. Ta hana a ba shi ko ɗigon ruwa, alhali zafi ya tsananta. Ranar suna mahaifinsa ya sa masa Mansur, amma kakar ta ƙi kiran sunan, ta laƙaba masa Ajefas, kamar yadda ake kiran 'ya'yan wabi da ba a sa rai da su. Aka yi arba'in yaro yana nan. Ya zauna, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafafunsa a shekarar da ƙananan kaburbura suka yawaita a bayan gari.

Inna Mairo ba ta taɓa cewa 'yarta ta yi daidai ba. Abin da aka sani kawai shi ne, daga shekarar 1976, duk gidan haihuwar da aka kira ta, in an tambaye ta ƙoƙo sai ta dafa ƙirji ta ce, "Kai, tsufa! Na baro shi gida. A ba shi mama kafin in aika." Ba ta taɓa aikawa ba, kuma haka ta ci gaba da mantuwa har Allah Ya karɓi ranta a shekarar 1988.

Aiki da Gwagwarmaya

Hajiya Zuwairatu ta yi aiki a Batsari da Safana, tana zagaya Karare da Darini da sauran ƙauyuka. Hanyar aikinta ita ce ba ta barin ɗakin mai jego sai ta ga jariri ya kama mama da idonta, ko da kakanni sun ɗaure fuska. Ba ta yi wa tsofaffi gardama a gaban surukansu. Takan ja su gefe, ta ba su labarin 'ya'yanta biyu da na ukun, wanda sau da yawa shi ke jiran ta a ƙofar gida bisa babur. Ta sauke farali a shekarar 1996, ta yi ritaya a 2006.

A wani taron bita da aka gayyace ta a Katsina a shekarar 2013, wani matashin likita ya yi bayanin cewa a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ba su ƙirguwa, waɗanda ke taimakon narkar da abinci da tare masu kawo cuta, kuma jariri yana samun nasa ne daga jikin uwarsa da nononta. Wannan bayani ya faranta mata rai ƙwarai. Ta riƙa kwatanta wa mata shi da yadda mai nono ke zuba ɗan tsamin jiya a sabuwar madara domin ta kama. Daga lokacin ta buɗe sabon yaƙi da ɗabi'ar farke kafso a zuba wa yaro duk sanda ya yi zawo ko mura, tana cewa maganin ba ya bambanta baƙo da ɗan gida, wato ƙwayar cuta da mai amfani, kuma ba ya taɓa ƙwayar mura ko ta ƙyanda, don haka kada a sha sai likita ya rubuta.

Shekarun Gudun Hijira

Lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta daga shekarar 2019, ɗakunan shan magani na ƙauyuka da dama suka rufe, mata masu ciki suka kwararo Batsari suka tare a azuzuwan makaranta da kangaye. Da rashin ma'aikata, tsohuwar al'adar ta fara dawowa, ga shi ba akuyar ma, sai ruwan da aka samu. Duk da ciwon gwiwa da roƙon 'ya'yanta, Hajiya ta koma aiki ba tare da kowa ya ɗauke ta ba. Iyaye maza da yawa a garin nan, waɗanda har yau ba su daina fargabar makomar 'ya'yansu mata da ke aure a ƙauyuka ba, sun san cewa jikokinsu na wannan tsakani a hannunta suka fara shan mama.

Rasuwa

A daminar shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta ɓulla a tsakanin 'yan gudun hijirar, kuma Hajiya ta kamu da ita a wurin jinyar wata mai jego. An kai ta asibiti, amma jiki ya riga ya yi rauni. Ta rasu a watan Agusta na wannan shekara, tana da shekara saba'in. An yi mata sallah a ƙofar gidan marigayi Malam Armaya'u, wanda ya riga ta rasuwa a 2015, aka binne ta a maƙabartar Batsari. Allah Ya gafarta mata, Ya sa aikinta ya bi ta.

Ta bar 'ya'ya biyar da jikoki da yawa: Ikilima, malamar makaranta a Safana, Najib, mai sayar da hatsi a kasuwar Batsari, Zulaihat, wadda ta gaje ta a aikin ungozoma, da Haisam, autanta. Babbansu kuwa shi ne Alhaji Mansur, wanda tsofaffin Zakka har yau suke kira Ajefas. Shi ne ya shiga kabari ya karɓe ta da hannuwansa.