Karfasa a Ramin Katanga

Ramin da muka haƙi ƙasar katanga a bayan gidanmu na unguwar Turaki shi na mayar kududdufin kifi. Zurfinsa ya shanye namiji a tsaye har da hularsa. Na sa aka shafe shi da siminti, na zuba 'ya'yan karfasa, don ni tarwada ba ta shiga bakina.

Mai sayar da 'ya'yan kifin ya haɗa ni da wata takarda. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka rubutu ba ya wuce ni. Na bi ta da yatsa sau uku. Ta ce ruwa mai zurfi da ba ya gudu yana bukatar injin da zai riƙa hura iska daga ƙasa.

Na kai wa maigida. Ko karɓa bai yi ba.

"Kifin kogin Mayo Gwoi wa ke hura masa iska? Ke tunda kika iya karatu, takarda ta zama uwarki."

"Malam, kogi tafiya yake yi. Wannan a zaune yake, kamar kai."

Na kira maƙwabciyata, Bajukuna 'yar masunta. Ta leƙa ramin, ta shinshina.

"Maman yara, me kake zuba masa?"

"Dusa da sauran tuwo, yadda nake ba awaki."

"Akuya yana cinye nasa. Wannan rabi yana sauka ƙasa yana ruɓewa. Sayi injin."

"Da wace wutar? Yau kwana huɗu ba a kawo ba."

Ta ɗaga kafaɗa ta tafi.

Wata guda ina juya maganar. In saya, ya zauna ba wuta. In bari, takarda ta ce akwai matsala. Kifin kuwa sai girma suke, sun kai tafin hannu, saman ruwa kore shar. Kullum sai in ce gobe.

Sai ruwan sama mai ƙarfi ya sauka bayan dogon zafi. Da gari ya waye kududdufin ya juye, ruwan ƙasa ya hau sama, baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Karfasa duk sun taso, bakunansu a buɗe.

Na ɗauki ƙwarya na shiga ɗiba ina sheƙawa daga sama, yadda ake fifita kunu. Iyakar dabarar da na sani ke nan. Maigida ya fito da bokiti, ya tsaya gefena yana yi. Muka yi har kafaɗunmu suka mutu. Hannunmu bai wuce kamu ɗaya cikin ruwan ba, abin da ke kashe su kuwa daga can ƙasa yake tasowa.

Kafin hantsi fararen cikuna sun rufe ruwan. Na tsame masu sauran motsi na zuba a randa. Ɗaya bayan ɗaya suka kife. Na zauna a bakin randar da ƙwarya a hannu, ina kallon na ƙarshe yana buɗe baki yana rufewa, ban san me zan yi masa ba.