Kuwabara Shozo da Dutsen Ƙofar Gidansa

Haihuwarsa

An haifi Kuwabara Shozo ranar tara ga watan Nuwamba na shekarar 1938, a unguwar Maƙera ta garin Minagura, ana tsaka da faɗa. Mahaifiyarsa Haru tana naƙuda a ɗakin ciki, ruwan sama yana ɗiga mata a ƙafa, kakarsa Tome tana tare yoyon da kwano tana yi wa ɗanta Genkichi tas.

"Mai rufa gidajen mutane ke nan," in ji tsohuwar. "Ga naka yana zuba a kan matarka."

"Inna, ki bari ruwan ya ɗauke mana."

"Tun bazara kake jira ya ɗauke, malalacin banza."

Suna cikin haka yaron ya faɗo, kuma ungozoma ta sha faɗi har ƙarshen rayuwarta cewa bai yi kuka ba sai da ya gama ƙare wa rufin kallo. Gidan irin na unguwar ne, mai siririyar fuska ta ragar katako da ƙofar turawa, da matakala biyu na baƙin dutse waɗanda kakan kakansa ya girka saboda ambaliya da ƙanƙara.

Karatunsa da Kama Aiki

Ya shiga makarantar firamare a shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, ya kammala sakandare a 1957. Bai yi fice a ilimi ba, sai dai kyawun rubutu da tsabtar littafi. Sau ɗaya ubansa ya hau rufi da shi, jiri ya kwashe shi, sai da aka sauko da shi a goye alhali yana da shekara goma sha shida, 'yan matan layin suna leƙe ta ragar katako. Daga ranar Genkichi ya haƙura da gadon sana'a. A watan Afrilu na 1957 Shozo ya sami aikin magatakarda a sashen gine-gine na ofishin gari, inda ake duba rufi daga ƙasa.

Aurensa da 'Ya'yansa

A shekarar 1965 ya auri Fumiye, 'yar mai awara ta bakin gada. Matan da ke haɗuwa a gidan wankan unguwa sun ce mai kawo wasiƙu take so, amma wannan magana ce ta gidan wanka, an dai rubuta ta ne don kada ta ɓata. Mace ce mai dariya da kaifin baki, shi kuwa sai ya yini bai haɗa jimla uku ba. Sun sami 'ya mace, Chizuru, a 1967, sai namiji, Tatsuro, a 1970.

Aikinsa a Kwamitin Duba Gyare-gyare

A shekarar 1984 aka shigar da unguwar Maƙera cikin jerin unguwannin tarihi, aka kafa kwamitin mutum biyar wanda sai da izininsa za a taɓa fuskar gida, ko da kuwa canza katako ɗaya ne. Shozo ne sakatare kuma mai dubawa, shi ne ya rubuta littafin ƙa'idojin da hannunsa, sashe arba'in cif. Asalin hukuncin ɗaya ne: duk abin da ido ke gani daga titi na gari ne, mai gida riƙo kawai yake yi. Kwamitin yana zama sau huɗu a shekara, kuma ba a yanke hukunci sai membobi sun je sun tsaya a ɗaya gefen titi sun gani da idonsu.

Nan fa Shozo ya sami abin da aka halicce shi dominsa. Kullum yana tafe da guntun tsohon katako a aljihu, yana kara shi a bangon mutane don gwada launi. Ya sa Dangami wanzami ya sake fentin ƙofarsa har sau uku, wai baƙin ya yi sheƙi da yawa. Yara suka sa masa suna Idon Titi, manya suka karɓa. Hakika unguwar ta yi kyau a hannunsa, baƙi suka riƙa zuwa ɗaukar hoto, amma mutane sun daina gayyatarsa shan shayi, domin ba ya iya shiga gida bai duba ƙusar ƙofa ba.

A kakar 1996 wata gwauruwa mai suna Nagase ta sa aka kafa mata mariƙin ƙarfe a gefen matakalarta ba tare da takarda ba. Shozo ya sa aka cire kafin zaman kwamiti. A watan Janairu ta zame a kan ƙanƙara, ƙugunta ya karye, ɗanta ya zo ya tafi da ita Osaka, ba ta sake ganin gidanta ba. Shozo ya aika mata da kwalin alewa, aka dawo masa da shi ko zaren ba a kwance ba. A zaman da ya biyo baya ya ƙara sashe na arba'in da ɗaya, wanda ya ba shugaban kwamiti ikon sa hannu shi kaɗai, a rana ɗaya, idan lalurar rashin lafiya ce.

Ya yi ritaya daga ofis a 1999, ya shugabanci kwamitin har 2011, sannan ya sauka ya zama memba. Wadda ta gaje shi ita ce Oribe Kanae, mai digirin zanen gini, tashin babban birni, yarinya mai ladabi da son aiki, wadda take ganin girman Shozo kamar ta goya shi.

Ciwon Matarsa

A watan Oktoba na 2013 Fumiye ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, aka kwantar da ita a babban asibiti, tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Bayan wata guda likitoci suka ce za a iya sallamarta da sharaɗi ɗaya: keken guragu ya iya shiga gidan. Ma'ana a ɗauke matakalan dutsen, a yi gangare, a faɗaɗa ƙofar da taƙi guda. Bakin Fumiye ya karkace amma bai mutu ba.

"Baban yara, ka mai da ni gida in ga sabuwar shekara a ɗakina," ta ce da shi. "Miyar nan tasu kamar an wanke kifi an kawo ruwan."

Ya ce mata to. Washegari ya cika takarda kwafi uku, da hotuna da zane, ya kai ofis ya miƙa kamar kowa. Ya san sashe na goma sha bakwai ya hana motsa dutsen ƙofa sai kwamiti ya duba, ya kuma san sashe na talatin ya hana dubawa muddin ƙanƙara ta rufe dutsen, tunda duka shi ya rubuta. Amma hankalinsa a kwance yake, domin akwai na arba'in da ɗaya.

Ranar sha takwas ga Nuwamba Oribe ta zo har gida, ta durƙusa a bakin tabarma, ta ce lalura ce, a ba ta izini ta sa hannu yau.

"Haba, Shugaba," in ji Shozo. "Ni da na yi shekara talatin ina sa mutane jira? A bi layi da ni."

Duk ɗan Minagura ya san abin da wannan ke nufi. A garin ba a karɓar alheri a tayin farko, ko kofin shayi ne, don kada a ce mutum ya ƙagu. A na biyu ma sai a ƙi, a na uku ake sunkuyar da kai a karɓa, kuma mai tayin shi ne da alhakin cika ukun. Bayan mako guda Oribe ta tare shi a gaban shagon kifi ta sake yi masa maganar. Ya ce kada ta wahalar da kanta, aiki ya yi mata yawa. Daga nan ya wuce wurin magini, suka yi magana a kan ranar Litinin, ya biya ya sayi alewar wake mai tsada saboda zuwanta na uku, ya koma gida ya share zaure.

Oribe kuwa, a inda ta tashi, a'a sau biyu a'a ce. Ta koma ofis idonta da ƙwalla, ta shaida wa sauran membobi cewa ba ta taɓa ganin mutum mai riƙon amana irin wannan ba, sau biyu tana roƙonsa yana ƙi. A cikin masu saurarenta akwai Dangami wanzami, akwai kuma ɗan ƙanen gwauruwa Nagase, dukansu haifaffun unguwar. Wanzami ya ce lallai Kuwabara-san, wato Malam Kuwabara, mutum ne na ƙa'ida. Ɗayan ya ce gaskiya ne. Suka ci gaba da shan shayinsu.

Shozo ya jira. Litinin ta zo, magini ya zo da kayan aiki, aka ba shi haƙuri ya koma. Alewar ta bushe a cikin kwali. Maƙwabciyarsu, wadda bangonsu ɗaya kuma kunnenta garau yake, ta tabbatar ya sha ɗaukar waya ya ajiye bai buga ba. A lissafinsa, duk wanda ya buɗe baki ya nemi abin da ya riga ya ƙi sau biyu ya zubar da girman gidansu, balle shi, balle a kan dutsen ƙofa, a unguwar da ba a manta da mariƙin Nagase ba. Kullum yana ce wa kansa gobe za ta zo.

Ranar shida ga Disamba ƙanƙara ta sauka, kwana shida kafin zaman kwamiti. Aka ɗage dubawa zuwa ƙarshen Maris.

Chizuru ta zo daga Nagoya ta same shi yana kwashe ƙanƙarar da shebur. Ta ce ya ɗauki guduma ya fasa dutsen kawai, wa zai kama tsoho? Ya ce takarda tana hannun kwamiti. Ta ce uwarta ce a asibiti, ba hoton kalanda ba. Ya ce takarda tana hannun kwamiti. Maganar tayin bai faɗa mata ba, bai faɗa wa kowa ba. Kullum yana shiga jirgin safe da 'yar miya a gora, ya zauna gefen gado, ya ce an kusa.

"Baban yara," Fumiye ta ce da shi bayan sabuwar shekara ta wuce, "ka daina cewa an kusa. Ka dai riƙa ba furannina ruwa."

Daga nan ba ta sake tambayar gida ba, kuma ta rage cin abinci. Ta rasu ranar sha tara ga Fabrairu na 2014, tana da shekara saba'in da ɗaya. Aka kawo ta gida ta kwana kamar yadda aka saba, maza huɗu suka ɗaga ta suka haura matakalan nan biyu ba tare da wata wahala ba. Izinin kwamiti ya iso ranar uku ga Afrilu, da hatimi huɗu maimakon biyar, domin nasa gurbin a buɗe yake.

Ƙarshen Rayuwarsa

A cikin watan Afrilun nan ya ajiye aikin kwamiti, ya ce idonsa ya yi rauni. Izinin ya kwanta a aljihun tebur har wa'adinsa ya ƙare. Furannin Fumiye sun mutu a shekarar farko saboda yawan ruwa. Daga 2017 gwiwoyinsa suka ƙi, saukar matakala biyun ta gagare shi, Tatsuro ya yi ta fama a sake neman izini a yi masa gangare, shi kuwa ya ce ba ya buƙata. Wata goma sha tara ya yi bai taka titi ba, sai dai masu ɗaukar hoto su hangi inuwar mutum a bayan ragar katako.

Rasuwarsa

Kuwabara Shozo ya rasu a ɗakinsa da hantsin ranar ashirin da biyu ga Janairu na 2019, yana da shekara tamanin. An ƙone gawarsa bayan kwana uku, aka binne ƙasusuwan kusa da na matarsa a maƙabartar haikalin kan tudu ranar cika kwana arba'in da tara. Ya bar 'ya'ya biyu: Chizuru, malamar makaranta a Nagoya, da Tatsuro, ma'aikacin tashar jiragen ruwa a Niigata, da jikoki uku.

Bayan an sauko daga tudu aka zauna cin abinci a gidan, dangi da membobin kwamiti. Giyar shinkafa ta zagaya sau biyu, sai Oribe ta nemi izinin cewa wani abu game da marigayi. Ta ce ita dai ta ga dattako da idonta, domin lokacin ciwon matarsa ta so ta sa masa hannu a rana ɗaya, har sau biyu tana roƙonsa, ya ƙi.

Chizuru ta ajiye sandunan cin abincinta.

"Sau nawa kika ce, Oribe-san?"

"Sau biyu. Na farko a nan gidan ma."

"Na ukun fa?"

Oribe ta dube ta, ta dubi mutane, ba ta gane tambayar ba. Chizuru ta juya ga wanzami, wanda ya yi mata askin fari tana jaririya.

"Kawu Dangami, ta faɗa muku haka a lokacin?"

Tsohon ya juya kofinsa a tafin hannu, ya ce abin ya daɗe, kuma ai kowa ya san babanta mutum ne na ƙa'ida.

Chizuru ta miƙe. Tatsuro ya ce Yaya ki zauna, akwai baƙi. Ta ratsa ta tsakaninsu, ta zura takalmanta ba ta tsaya ɗaure su ba, ta fita, ta banko ƙofar.